Huji Shida a Matakin Konomi

Kullum da safe, kafin manyan masana'antun kujeru na garin Okawa su ta da injinansu, Baba Nakazono ya riga ya ɗage ƙyauren shagonsa, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya dafa koren shayi. Sai ya zauna a ƙasa, ya ɗora katako a cinya yana shafa shi kamar mai lallashin jariri. Ƙarshen watan Maris ɗin nan zai rufe shagon. Hannu ya soma rawa, magaji kuma babu.

Ni Chizuru na fi kowa sanin abin da za a rasa. An haife ni da ƙasusuwan da ba sa miƙewa kamar na kowa. Wada, in ji yaran unguwa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ranar biki a makaranta kowane ɗalibi zai ɗauki kujerarsa zuwa babban ɗaki, a ce a miƙe, a rusuna, a zauna, ɗaruruwan yara su yi kamar mutum ɗaya. Ni kuwa ƙafafuna na reto a sama. Kafin in zamo ƙasa an gama rusunawa, sai a ji dif ɗin saukata ita kaɗai a ɗakin da ya yi tsit. Da bikin yaye mu ya matso, na ce ko za a yanka ni ba zan je ba.

Mahaifiyata ta ja ni har shagonsa. Ya leƙo ta saman tabarau.

"To, 'yar nan, me kujera ta yi miki?"

"Ta fi ni tsawo, Baba."

"Ni ma matata ta fi ni tsawo, kin ga na gudu?"

"Ina jin ka, tsoho!" in ji matarsa Inna Fusae daga cikin gida.

Malamai sun ce a ba ni ƙaramar kujera, magana ta ƙare. Shi ya ƙi. Ya ce in aka yi haka kaina zai nutse a layi, an dai ware ni ke nan. Ya ƙera mataki da ake ɗaurewa a ƙafafun kujera, ya shafa masa fenti irin nata, yadda zan ɗora ƙafa in ina zaune, in tsaya a kansa in an ce a miƙe. Ranar bikin babu wanda ya ji dif. Mahaifiyata ta yi ta laluben inda nake a layi ba ta gan ni ba, sai ta fashe da kuka.

Kai ne, Baba, wanda duk watan Afrilu, lokacin da ake sauya aji da kujera, kake loda kayan aiki a 'yar motarka ka bi makarantu ɗaya bayan ɗaya. Ka durƙusa gaban yaro, ka auna, ka huda, ka matsar da mataki. Wani shugaban makaranta ya gaya mini ya taɓa ganinka kana jira a waje cikin ruwan sama har aka tashi, don kada 'yan aji su ga ana gyara kujerar yaron su yi masa dariya. Gwanin katako, mai rufa asirin yara!

Inna Fusae ce ta matsa masa ya yi rajistar ƙirƙirarsa. Takardar mallaka ta zo daga Tokyo, ya rataye ta ta rufe tsagar bango. Wani kamfani ya zo ya duba, da suka ji sai an auna kowane yaro duk shekara, suka rusuna suka tafi. Yanzu wa'adin mallakar ya ƙare, kowa na iya ƙerawa. Har yau ba a samu mai ƙerawa ba.

Ana nan masana suka gano ƙwayar gadon da ke tauye ƙashinmu, aka samo allura, jaridu suka yi ta yayatawa. Madalla, ba na ƙi. 'Yata Konomi ta gaji jikina, ana yi mata allurar. Amma ɗan tsawon da take ƙarawa bai kai ƙafa ƙasa ba. Mutane dai suka ce ai yanzu akwai magani, yaran shagon suka watse zuwa masana'antu. Garin kafintoci guda, a ce an rasa wanda zai zauna ya koya! Abin na ci mini rai ƙwarai.

Konomi za ta shiga aji ɗaya a Afrilu. Makon jiya muka je karɓar nata matakin. Na juya shi, na ga huji a jere.

"Baba, wannan huji haka kamar sarewa?"

"Shida ne, ɗaya duk shekara," ya ce, yana ɓoye hannunsa a aljihu. "Ba zan iya zuwa ba. Kirdado na yi. In na kuskure, ku yi haƙuri."

Mutumin da bai taɓa huda katako ba sai ya auna, yau shi ne da kirdado. Ya miƙo mini sufana. Ni zan riƙa matsar da matakin ke nan.

"Kaka, in na wuce na ƙarshen fa?" in ji Konomi.

"Sai ki zo ki yi mini gori, sarkin tsawo."

Mun gode, Baba Nakazono. Ka tsayar da mu kafaɗa da kafaɗa da 'yan ajinmu, ka koma baya ka yi shiru. Ku kuma samarin Okawa masu riƙe zarto, shagon na buɗe har ƙarshen wata, tsohon na nan zaune da shayinsa, bakinsa bai soma rawa ba. Ku je ku durƙusa ku koya. Konomi za ta gama aji shida wata rana, kuma babu huji na bakwai.