Benci a Bakin Injin Niƙa

Jiya ina dawowa daga makaranta, ƙanshin garin masara mai ɗumi ya tare ni a bakin injin niƙan Turaki, sai marigayiya Mama ta faɗo mini a rai. Ita ce dattijuwar malamar da na tarar lokacin da na fara koyarwa a firamare.

Akwai ɗabi'arta da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Da an tashi, muryarta a dishe, hannunta fari fat da alli, ba ta wucewa gida. Sai ta je ta zauna a benci dab da injin nan, ba ko kwanon niƙa. Wadda ta wuni cikin ihun yara, me zai kai ta cikin wannan ƙara?

Rannan dai na bi ta. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata, gari na sauka a kan ɗankwalinta, ita kuwa ido a lumshe. Da aka kashe injin na ce, "Mama, wai kanki ba ya ciwo?"

Ta ce, "'Yata, a aji kowace ƙara ni take nema. A gida ma haka. Wannan kuwa ba ruwanta da ni."

A lokacin dariya na yi mata. Jiya kuwa, ban san sa'ad da na ajiye jakata na zauna a bencin ba.

Allah Ya jiƙan ki, Mama, Ya ba ki hutun da ba sai kin ɓuya za ki same shi ba.