Ƙyallen da na miƙa wa Habibu

Akwai wata Asabar ta watan Oktoba da har yau ban manta da ita ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kun sha tambayata me ya sa na fi kowa daɗewa a wurin amma har yanzu ina magaza, ɗakin ajiyar kaya na baya, ina wanki da ɗinki, ba na tsayawa a kanta ta gaba inda ake karɓar masu haya. Da baki ba na iya ba ku amsa, shi ya sa na zauna na rubuta, tunda yanzu hannuna ya fara sabawa da biro.

Ga wanda bai san aikinmu ba, wurinmu yana bakin wani tafki a gabashin Lyon, ba nisa sosai da Rillieux inda nake zaune. Muna ba da hayar abin da Faransawa ke kira planche à voile. Falanshi ce doguwa, kamar kwalekwale marar rami. Mutum yana tsayawa a kanta, a tsakiyarta akwai sanda da aka ɗaura wa ƙyalle, iska ta bugi ƙyallen ta tura shi bisa ruwa. Akwai mariƙi da ya zagaye ƙyallen, shi ake kamawa da hannu biyu. Wanda ya ɗan ƙware yakan sa ɗamara mai ƙugiya ya maƙala kansa a jikin mariƙin don hannu ya huta. Ƙyalle da mita ake auna shi, falanshi kuma da lita: in litar ta yi yawa, falanshin ta fi girma, ta fi ɗaukar nauyi.

Matakan aikin uku ne. Na ƙasa shi ne mai magaza, mai wanke kaya da gyara. Sai mai kanta, wanda ke zaɓa wa mutum kayan da suka dace da shi. Sai shugabar wurin, Madam Silvi. Na yi shekara goma sha ɗaya a magaza. A waccan shekarar ne Madam ta ce in tsaya a kanta na gwaji, daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, in an gama lafiya matsayin ya zama nawa. Saura mako biyu ke nan gwajin ya cika.

Mai kanta yana da takarda da muke kira fish. A ciki ake rubuta sunan mutum, nauyinsa, ƙwarewarsa, ƙarfin iskar ranar, da girman kayan da aka ba shi. A can ƙasa akwai wani gurbi. In mutum ya ƙi shawararka, sai ka rubuta abin da ka ce masa da abin da ya zaɓa, ya sa hannu. In kuwa ka ga abin ya yi yawa, kana da iko ka hana shi kayan gaba ɗaya. A lokacin wata shida na yi da shiga ajin koyon karatu na manya. Lambobi ba sa ba ni wahala, suna kuma nakan kwafa daga katin mutum. Amma jimla guda da Faransanci sai ta cinye mini minti biyar.

Ranar iskar kudu ce ke busawa, mai hawowa ta kwarin kogin Rhône. Ba ta zuwa a miƙe. Sai ta lafa har ka ce ta tafi, sai kuma ta dawo da bugu ɗaya mai ninka na farko. In ka duba ruwa za ka ga wani wuri ya yi duhu yana tahowa, bugun ke nan. Dokar irin wannan rana ɗaya ce: bugun ake zaɓa wa ƙyalle, ba lafawar ba. Gara mutum ya ɗan tsaya cak in ta lafa da a ce ta fizge shi in ta dawo. Falanshi kuma matsakaiciya ake so. Babba takan yi ta tsalle bisa igiyar ruwa, iska ta shiga ƙarƙashinta. Ƙarama ƙwarai kuma takan nutse da mutum in iskar ta faɗi.

Madam ta fita da hantsi zuwa wani taro, ta bar ni da mai jirgin ceto. Bayan azahar sai ga wani mutum ya shigo yana murmushi.

"Kawu Salisu, Baba ya ce in ban zo na gaishe ka ba kada in koma Paris."

Habibu ne, ɗan Alhaji Mutari. Alhaji ɗan kasuwa ne mutumin Damagaram, garinmu ɗaya. Da na sauka ƙasar nan ba ni da kowa, a gidansa na Paris na zauna wata bakwai, ina cin abin da 'ya'yansa ke ci. Habibu a lokacin yana makarantar firamare. Yanzu ga shi magidanci mai shekara talatin da biyar, aikin ofis ya kawo shi Lyon kwana uku. Muka gaisa, na tambayi Alhaji da Hajiya da iyali. Ya amsa a gajarce irin nasu na haifaffun nan, idonsa na kan ruwa.

"Kawu, ba ni shida da rabi, da babbar falanshi mai ɗari da arba'in da biyar. Da su nake hawa a teku duk lokacin hutu."

Na ce, "Teku daban ne, Habibu. Iskar can a miƙe take zuwa. Ta nan kuwa takan yi kamar ta tafi."

"To ai shi ya sa. In ta faɗi ina da ƙaramin ƙyalle, sai in tsaya tsakiyar ruwa kamar agwagwa, Turawa na kallona."

"Yau dai na ga mutane huɗu da rabi suke ɗauka."

Ya leƙa waje ya yi dariya. "Waɗancan ai ramammu ne, Kawu. Dubi tumbina. Kilo casa'in da biyu, tuwon Hajiya ne ya yi aiki."

Ni ma na yi dariya. A raina kuwa na riga na san kayan da suka dace da shi: ƙyalle huɗu da digo bakwai, falanshi mai lita ɗari da goma sha biyar. Da Bature ne a gabana, da haka zan faɗa masa kai tsaye, in ya ƙi in ce to yau babu haya. Na sha yin hakan a wannan bazara. Amma a wurinmu ba ka kallon ɗan wanda ya ciyar da kai ka ce masa a'a tsirara. Zagayawa kake yi, shi kuma ya gane. Abin da na faɗa masa, duk wanda ya tashi a Damagaram zai san hani ne. Habibu a Paris ya tashi. A wurinsa hira muka yi.

Na ɗauko fish na cike sama. Da na iso gurbin ƙasa sai ya jingina da kanta yana kallon hannuna.

"Kai, Kawu, ashe ka zama ɗan boko. Wallahi Baba zai ji daɗi."

Biron ya tsaya. Na ga kaina ina jan harafi ɗaya ɗaya a gabansa, minti biyar, don in rubuta cewa ɗan Alhaji ya ƙi jin maganata, sannan in miƙa masa ya sa hannu kamar muna gaban alƙali. Na bar gurbin babu komai, na tura takardar cikin aljihun tebur.

Na raba abin biyu. Na ba shi ƙyalle mai mita shida da falanshin da ya nema. Na ja igiyar ƙasa sosai don saman ƙyallen ya saki, ya riƙa zubar da iska in ta buga. Na ce wa kaina hakan zai isa.

Minti ashirin ya yi a ruwa. Ina tsaye a bakin gaɓa, na bar kanta babu kowa. Da farko yana tafiya da kyau, har ya ɗaga mini hannu. Sai na ga ruwa ya yi duhu daga kudu. Yana maƙale da ƙugiya lokacin da iskar ta iso. Ƙyallen ya fizge shi sama, ya juya da shi, ya buga shi a jikin sandar. Falanshin ta ci gaba ita kaɗai ta kife. Na jira in ga ya ɗago ya kama ta. Kansa ya fito, amma hannu ɗaya kawai yake motsawa.

Mai jirgin ceto ya ɗauko shi. Kafaɗarsa ta dama ta goce, ƙashin wuyan kafaɗar ya karye. Da ake sa shi a motar asibiti bai kalle ni ba, kuma ba don fushi ba, zafi ne ya hana shi buɗe ido.

Ranar Litinin Madam ta kira ni ofishinta. Fish ɗin na gabanta.

"Salisu, wace shawara ka ba shi?"

"Na ce masa mutane huɗu da rabi suke ɗauka."

"Ka ce masa kada ya ɗauki shida?"

"Ban ce ba."

Ta ce tana son bayani a rubuce kafin Juma'a, daga nan za ta yanke maganar kanta.

Ranar Laraba da yamma na je asibiti. Na tarar Alhaji Mutari ya iso daga Paris a jirgin ƙasa, yana zaune a gefen gado da carbinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Tashi, Malam Salisu. Ƙaddara ce. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya jin magana."

Habibu ya riga ya ji labarin gurbin daga bakin mai jirgin ceto. Ya ce, "Kawu, kawo takardar nan. Ka rubuta ka hana ni na ƙi, in sa hannu da hagu. Ba wanda zai sani."

Alhaji ya ce, "Haka za a yi. Ba za a ce ɗana ya raba ka da abincinka ba."

Sai Habibu ya juyo da kansa a hankali.

"Amma tsakaninka da Allah, Kawu, ka san haka za ta faru?"

"Na san za ta iya."

"To me ya sa ba ka ce mini non ba, a'a kai tsaye? Da na yi mita, amma da na ɗauki ƙaramin."

Alhaji ya ce, "Ai ya faɗa maka. Kai ne ba ka jin Hausa."

"Baba, bai faɗa ba."

Na zauna kaɗan na yi sallama.

Kwana na yi ina juya tayinsu. Shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce, ga bayana ya fara ciwo da ɗaukar falanshi. Amma abin da suke so in rubuta shi ne na hana shi, ni kuwa ban hana shi ba. Ranar Alhamis na je aji da takarda. Na roƙi malamarmu kada ta rubuta mini komai, ta duba kuskuren haruffa kawai. Layi huɗu na rubuta: na san ƙyallen ya yi masa girma, ban faɗa masa a fili ba, ban cike gurbin ba, kuma ni na ɗaura kayan da hannuna.

Madam ta karanta a gabana ranar Juma'a. Ta ce, "Ba zan sallame ka ba. Ba ni da wanda ya san iskar tafkin nan kamarka. Amma kanta wurin mai iya hanawa ne." Ranar Asabar na koma magaza, aka ɗauki wani.

Shekara uku ke nan. Bara na je Paris sunan 'yar Habibu. Da aka tashi salla ina sahun bayansa. Liman ya yi kabbara, hannunsa na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Bayan salla ya kama ni da wasa, ya ce in ci nama da yawa tunda ni ne kakan jaririya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, shi da mahaifinsa.

Abin da na koya shi ne sanin iska rabin aikin nan ne kawai, kuma rabi mai sauƙi. Kowa zai iya koyon cewa bugu ake zaɓa wa ƙyalle. Mai wuya shi ne faɗa wa mutum a gabansa. Baƙo ba ya da wuyar hanawa. Naka shi ne matsala, wanda ya kira ka Kawu ko Yaya, wanda ka ci abincin gidansu. Yanzu 'ya'yanmu da aka haifa a nan sun fara zuwa tafkin da yawa, kuma wasunku ku ma kuna da kunya irin tawa. In ɗayansu ya tsaya gabanku ranar iskar kudu ya nemi mita shida, ku ce masa a'a da kalmar da zai ji, ku rubuta, komai daɗewar da rubutun zai yi. In bakinku ya yi nauyi ku leƙo magaza ku kira ni. Ni zan fito in faɗa masa.