Babban Yatsan Alhaji Garba

A jikin makunnin lantarkin da ke bayan ƙofar shagon Alhaji Garba mai man gyaɗa, a Dutsin-Ma, akwai tabon maiƙo daidai girman babban yatsa. Ana shiga ana fita, ba wanda ya taɓa kula da shi, har da Talha, mai bugun ƙirji cewa shi sana'arsa lura ce.

Talha ɗan Tamawa ne ta ƙasar Kurfi. Kullum sai hantsi ya dubi ludayi yake isowa kan babur ya buɗe shagonsa na gyaran waya, wanda ke manne da na Alhaji, daga solar Alhajin kuma yake jan wuta. A lungu akwai wata kwamfutar tebur da ta kusa sa'ar mai ita. Ita ce abin alfaharinsa. Duk mako yakan sauko da sabon gwajin kanel na Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda mutane daga ƙasashe ke rubutawa a fili kowa na gani. Sai ya sa tsohuwar ta haɗa shi, ta yi awanni tana nishi, ya kunna, ya aika musu cewa ya tashi lafiya. Ba a biyan sa. Ladansa shi ne a sa sunansa cikin waɗanda suka gwada, sunan nan kuwa yana ji da shi fiye da shagon. 'Yan layi suka ƙara masa da sarautar Injiniyan Duniya. Mahaifiyarsa kuma tana gaya wa maƙwabta da Turawa yake aiki, albashin ne dai bai gama biyo hanya ba.

Wani mako sai tsohuwar ta fara mutuwa a tsakiyar aiki. Ya kunna ta da hantsi, ya tafi azahar tun kafin ladan ya gyara murya, ya biya wurin mai shinkafa da wake, ya dawo ya tarar fanka na juyawa, fitila na ci, kwamfuta kuwa shiru. Talha ya ji daɗi a ransa, tun da ya fara bai taɓa kama laifi ba. Ya bincika, ya ga wata baiwar Allah a wata ƙasa ta taɓa ɓangaren sarrafa wuta, ya rubuta da ƙarfin gwiwa cewa gyaranta ne ke kashe tsofaffin kwamfutoci. Saboda an san shi da gaskiya, aka ce za a janye gyaran idan ya tabbatar. Matar dai ta roƙi abu ɗaya cikin ladabi: ya zauna ya ga mutuwar da idonsa.

Ya zauna. Aka kira salla, layi ya watse, shi yana tsugune gaban tsohuwa kamar mai jinya. Sai ga Alhaji ya fito yana naɗe hannun riga, ya miƙa yatsa bayan ƙofa. Fanka, fitila da binciken duniya suka tsaya tare.

"Alhaji, dama kai ne kake kashewa?"

"To wa kake so ya kashe, Injiniya, Turawan?"

Alhaji ya yi masa bayani a tsaye. Tun ranar da wayar wuta ta yi tartsatsi a shagon wani tela kwanan baya, ya yi alkawari ba zai sake barin wuta a kunne ya tafi masallaci ba, ga jarkokin mai jibge. Yana sallamewa yake dawowa ya kunna, lokacin Injiniyan Duniya na can yana neman ƙarin yaji. Talha ya ce abin da ya katse ɗin, duniya ce ke jiran sa.

"Ta jira," in ji Alhaji. "Mu ma liman muke jira."

Bayan salla Talha bai je cin shinkafa ba. Zai iya yin shiru, a janye gyaran matar, sunansa ya fita fes. Sai dai mako mai zuwa tsohuwar za ta sake mutuwa, kuma a lokacin ba sauran wanda zai ɗora wa. Ya daɗe yana neman yadda zai faɗa da Turanci cewa maƙwabcinsa ne ke zuwa masallaci. A ƙarshe ya rubuta hakan kai tsaye, ya ba matar haƙuri. Ta amsa cewa ta gode, ta kuma tambaya ko za a iya haɗa na gaba kafin lokacin sallar. Ba wanda ya cire sunansa, sai dai yanzu duk rahoton da zai aika, ya san tambayar farko da za a yi masa.

Da yamma ya rufe shago, ya biya wurin mai faci aka ƙara wa tayarsa ta baya iska, tunda gobe sammako zai yi don tsohuwar ta gama aiki kafin azahar.