Ranar da na yi gadin jakunkunan 'yan ajinmu

Malam yana cewa, "Kowa ya nemi abokin aiki, ku ɗauki hoton juna," sai aji ya kaure da hayaniya. Kafin in miƙe, kowa ya kama nasa.

Shekaruna arba'in da uku. Bayan rasuwar maigidana na rufe shagon ɗinkina a Yelwa, na shiga kwaleji nan Mubi ina koyon zane da ɗaukar hoto. 'Yan ajinmu duk sa'annin 'yata ne.

Ina tsaye da kyamara a hannu, sai Rahila, wadda ke zama a gabana, ta nufo ni da murmushi. Har na ji sanyi a raina.

"Mama, don Allah..."

"Na'am 'yata, mu yi tare?"

"A'a, jakunkunanmu za ki duba mana."

Na ce to. Na zauna a gindin darbejiya da jaka shida, ina jiyo dariyarsu daga nesa. Daga baya na ɗora kyamarar a kan taga, na ɗauki kaina.

Na san ba mugunta ba ce, uwa suka ɗauke ni. Amma uwa ma tana son ƙawa. Ku da kuka koma aji da furfura, yaya kuka yi?