Farin Tabo a Gemun Lofe

Shekara tara na yi ina goge tagulla a wani shago a unguwar Balad, can ƙasa mai tsarki, kuma ba yabon kai ba ne, hannuna yana da kyau. Kafilina, wato ubangidana mai shagon, tsofaffin kaya yake sayarwa, butocin gahawa da farantai da kaskon turare. Duk abin da aka kawo ya yi baƙi ƙirin, ni ake miƙa wa. Lemon tsami da toka da tsumma, nan da nan sai ka ga fuskarka a jiki. Shi ya sa a ganina na wancan lokaci, duk abin da ya yi duhu dauɗa ce, kuma maganin dauɗa guga.

Ina da wani maƙwabci a unguwar Ammariyya, tsoho ne mutumin Maraɗi, kowa Baba yake ce masa. Tun yana saurayi yake aiki a jiragen ruwa, har ƙarfi ya ƙare. A shekarar da nake magana, cikin alif ɗari tara da tamanin da wani abu, aka buga masa huruj, wato fita daga ƙasar ba dawowa. Saura kwana huɗu ya tafi sai ga shi a shago da wani ɗan akwati duk fatarsa ta saɓule.

Lofe ne a ciki, irin na shan taba. An sassaƙa kansa da siffar wani mutum mai gemu da rawani, launinsa kamar zuma, wajen wuya har ya yi ja. Ga ƙura ta toshe kowane lungu na gemun. Baba ya ce wani kyaftin Baturke ne ya ba shi, kuma ya daɗe da daina sha tun da likita ya tsorata shi. Ya ce bai gina gida ba, bai sayi mota ba, wannan kaɗai zai nuna wa jikokinsa su san kakansu ya ga duniya. So yake in gyara masa shi. Na bugi ƙirji na ce ya dawo jibi ya ga aiki.

Yana fita na yanka lemo, na dangwali toka, na soma daga gefen gemun. Abin ba nauyi, ga taushi, gugan ma daɗi yake yi. Kafin in ankara wuri ya yi fari fat, kamar faɗin farcen babban yatsa. Har na fara murmushi.

Sai na ji an riƙe mini hannu. Mai gyaran agogon da ke shagon kusa da mu ne, tsoho ɗan asalin Turkiyya, wanda kullum muke tsokanar juna a kan wa ya fi wani iya shayi. Ran nan ba wasa a fuskarsa.

"Halas, ya isa haka, ya Hajji. Ajiye lemon nan. Shekara arba'in kake gogewa."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wai wani farin dutse ne mai laushi da ake haƙowa a ƙasarsu, yana shan duk abin da ya taɓa shi. Fari ake sayensa, hayaƙin taba ne da hannun mai shi suke rina shi a hankali, kuma launin nan shi ne darajarsa. Na tambaye shi ko wurin da na goge zai dawo. Ya ce sai dai in zan zauna in sha taba shekara goma.

Ni da ake kawo wa gyara har daga unguwar Bani Malik, ni ne na ɓata wa tsoho abu ɗaya tak da ya mallaka. Kunya ta kama ni sosai, ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Amma kwana biyun da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a sana'a. Mai agogo ya koya mini aikin daga tushe, yana yi yana kirana sarkin toka. Ya hana ruwa kusantar lofen. Ƙurar gemun da busasshen buroshi muka fitar, gashi ɗaya bayan ɗaya. Baƙin da ya daskare a ciki na kankare shi da wuƙa mara kaifi, ina riƙe numfashi. Hanyar hayaƙin kuwa gashin kaza muka dinga zurawa har ya fito tsaf. Sannan muka narka kakin zuma a kan risho, muka ɗan ɗumama lofen, muka shafa. Ina kallo launin ya taso, ya yi zurfi, idanun mutumin mai rawani suka fito kamar zai yi magana. Duk shagon ya ɗauki ƙamshin zuma, har kafilina ya leƙo yana tambayar me muke dafawa. Tabon ne kawai ya ƙi. Ya ɗan yi ruwan madara, amma yana nan.

Da Baba ya zo, ban jira ya gani ba, na faɗa masa abin da na yi, kaina a ƙasa. Ya karɓa, ya juya shi a hasken ƙofa. Yatsansa ya tsaya a kan tabon. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake yi.

"Ɗana, wallahi haka yake ranar da aka ba ni shi. Fari fat, gaba ɗayansa. Shekara nawa ina faɗa wa mutane suna cewa ƙarya nake."

Na ce masa mai agogo yana ganin za a iya ƙara kaki a wurin ko zai ɗan ɓuya. Ya yi sauri ya rufe lofen da tafin hannunsa.

"Kada wanda ya taɓa. Yanzu in na ce wa jikokina ni na mai da shi haka da bakina, ga inda zan nuna musu."

Ya saka shi a akwatin, ya zura a aljihun gaba na rigarsa, ya ce a kawo shayi, yau shi zai raba mana gardama da mai agogo.