Sharrin da Aka Yi Mini a Gonar Dabino

A unguwar Anbariyya ta Madina muke zaune lokacin, ni da Innata, a wani ɗan ɗaki da bai fi kwanan mutum biyu ba. Babana ya rasu, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta bi shi, sai wankau da Inna take yi a gidajen mutane. Wata shekara dabino ya yi 'ya'ya sosai, aka zo neman mata masu tsinta a Khaibar. Inna ta ja hannuna muka hau bayan akori-kura. Ko ƙirgen dangi ban fara ba.

Gonar ta wata Balarabiya ce da mijinta ya mutu, kowa sitti yake ce mata. Gidanta yana kan tudu, ba ta sauka cikin itatuwa saboda sauro da zazzaɓi. Tana nan kan darduma, makullai a ƙugu, tana ba da umarni ta taga. Mai aikin kuwa wata tsohuwa ce baƙa, da zane a kumatu irin na mutanenmu. Ita ke sakin ruwa zuwa gindin itatuwa, ita ke danna dabino cikin kwandunan kaba, ita ke jiƙa ƙwallon ta daka wa awaki. In ta hau tudu kuma ta matsa wa sitti ƙafa. Ragowar kwanon sitti shi ne abincinta.

Wata rana muna zaɓen dabino, sai ta yi mini Hausa. Na kusa kifar da faifan! Hausar kuma irin ta ƙananan yara ce, a bakin da babu haƙora.

"Da ƙafa muka zo hajji," in ji ta. "Guzuri ya ƙare. Baba ya ce in zauna in taya su tsinta, zai dawo."

"To ya dawo, Iya?"

Ta ci gaba da zaɓenta. Sauran matan suka ce mini an daɗe da hana bauta, har gonar aka zo aka gaya mata ta tafi inda take so. Ta tafi ina, fisabilillahi? Ko sunan garinsu ba ta riƙe ba.

Daga ranar tsoro ya shiga cikina. Ni ma ai tsinta aka kawo ni. Inna ba ta isa ta zagaya bayan itace ba sai ina riƙe da bakin zanenta, har ta gaji ta ce, "Ke, mayya, sake ni!" Ga sitti ta ɗora mini ido. Sai ta leƙo ta taga ta yafito ni, ta matsa damtsena, ta ce in buɗe baki, sannan ta miƙo mini alewa. Ina fita nake tofar da ita.

Ranar da za mu koma Madina, mota tana jira, sitti ta sa aka kira Inna. Na fi Inna jin Larabci, don haka ni na riga ta fahimta. Wai a bar mata ni. Zan ci, zan sha, za a yi mini sutura, tsohuwar nan ƙarfinta ya ƙare, gida yana son yarinya.

Inna ba ta ce a'a ba. Ta dubi ƙafafuna da babu takalmi, ta dubi buhunan shinkafa da ke jingine a bango. Wallahi fitsari ya kusa ƙwace mini.

Tsohuwar tana bayan sitti tana yi mata fifita. Ban taɓa jin ta yi magana a ɗakin nan ba a tambaye ta ba. Sai ga shi ta ajiye maficin.

"Ya sitti, wannan? Ɓarauniya ce."

Ta sa hannu a rigarta ta fito da tandun kwallin sitti, na azurfa. "A ƙullin kayanta na same shi."

Innalillahi! Ni da ko taɓa shi ban taɓa yi ba! Sitti ta zabura, ta fizge tandun, ta shiga zagi tana nuna mana ƙofa. Inna ta ɗauke ni da mari, ta ja kunnena har bakin mota. Ina kuka ina rantsuwa, ina waiwayen tsohuwar ko za ta ji kunyar Allah. Ko kallona ba ta yi ba, ta durƙusa tana gyara wa sitti matashi.

A cikin mota ma Inna ba ta bar ni ba, ranƙwashi ta nan, mintsini ta can, matan suna ba ta haƙuri. Sai da itatuwan suka ɓace, muka shiga cikin baƙaƙen duwatsun hanya, sannan hannunta ya tsaya. Ta jawo kaina ta cusa cikin mayafinta.

"Inna, wallahi ban ɗauka ba."

"Na sani," in ji ta a kunnena. "Yi shiru. Saura kaɗan in ce mata to."