Gas ɗin Kakan Baba Orval

Ai kuma kada ka ce mini ba ka san irin Baba Orval Tackett ba, kowane gari da nasa. Shekara talatin da ɗaya yana yanke ciyawar filin wasan garinmu a West Virginia ta Amurka. Tun da aka cike tsohon wurin ninkaya da ƙasa saboda ya tsage, bai sake barin kowa ya sha kofi lafiya ba. Yara suna iyo a rafi mai ɗauke da dattin kwal, shi kuma yana kai ƙara majalisar gari duk wata, da hularsa a hannu.

Sai kamfanin gas ya zo neman hayar abin da ke ƙarƙashin filin, kuɗin kuma na sabon wurin ninkaya. Baba Orval ya zama mai wa'azi. Gida gida yake bi. Earlene Skaggs mai gidan abinci ta ce tana tsoron rijiyarta ta gurɓace, ya buga tebur har miya ta zube.

"Ke Earlene, son kai zai kashe ki! Abin da ke cikin ƙasa na yara ne!"

"Yaran wa, tsoho? Kai ko iyo ba ka iya ba."

Aka kaɗa ƙuri'a, ya ci. Har kuka ya yi.

To a wajenmu, mai ƙasa daban, mai abin da ke ƙarƙashinta daban, kowa ya san haka, ba wanda ya duba. Ma'aikacin kamfani ne ya shiga kotu ya tono tsofaffin takardu. Ashe da kakan Baba Orval ya ba gari filin, saman kawai ya bayar. Gas ɗin na magajinsa ne, magajin kuwa mutum ɗaya ya rage.

Washegari Baba Orval ya shigo cin abinci, Earlene ta ajiye masa farantin ƙwai.

"Ranka ya daɗe, mai gas. Na yara ne ko?"

Bai taɓa ƙwan ba. Sati uku ba a gan shi ba, ciyawar fili ta kai gwiwa. Ya ce wai bayansa ke ciwo.

Daga ƙarshe ya sa hannu a takardar kamfani, da sunansa. Majalisa ba ta ga ko dala ɗaya ba. Ya haƙa wurin ninkaya a bayan gidansa, ƙarami, inda marigayiya matarsa take shuka tumatir, ya cire ƙyauren shinge ya rubuta a allo: NA YARA NE. Ƙarƙashi kuma dokoki goma sha huɗu.

Yanzu duk rani yara arba'in ne a tsakar gidansa, suna ihu, suna yi masa fitsari a ruwa. Shi yana zaune da usur a wuya, sanye da rigar ceto mai hana nutsewa, a kan busasshiyar ƙasa. Sabuwar motar da ya saya tana gefe, an lulluɓe ta da tamfol don kunya.

Earlene har yau ɓarawo take ce masa, jikokinta kuwa su ne farkon zuwa.

Kai da gas ɗin kakanka ne, da ka ba majalisa?